Taku takwas bai isa ba: Abin da makaɗi ke buƙata daga na'urar jera sauti

Duk wanda ya taɓa jin waƙar "I Feel Love" ta Donna Summer, wadda ta fito a 1977, ya ji aikin sikwensa ko da bai san sunanta ba. Wannan amon da ke gudu a ƙarƙashin muryarta, yana maimaita kansa babu gajiya, ba yatsun mutum ne ke kaɗa shi ba. Na'ura ce ke jera shi, a situdiyon da furodusa Giorgio Moroder ke aiki a birnin Munich na Jamus.

Kusan shekara hamsin bayan haka, kamfanoni na ci gaba da ƙera irin wannan na'ura, kuma kusan kowace sabuwa tana zuwa da ƙarin allo da ƙarin zaɓi fiye da wadda ta gabace ta. Sai dai yawan zaɓi daban, biyan buƙata daban. Abubuwan da makaɗi ke nema daga sikwensa ba su da yawa, amma wadda ta rasa su ta zama kayan ado, komai tsadarta.

Yadda take aiki

Sintesaiza mai ɓangare-ɓangare na'urar kiɗa ce da ake haɗa sassanta da wayoyi. Wani sashe yana haifar da sauti, wani yana tace shi, wani yana buɗe shi ya rufe. Sassan suna magana da juna ne ta ƙarfin wutar lantarki. A tsarin da ya fi yaɗuwa, ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti da oktaf ɗaya, wato tazarar maɓallai 12 a jikin fiyano.

Sikwensa ita ce sashen da ke aika wannan wuta bi da bi. Tana da jerin maɓallan murɗawa irin na tsohuwar rediyo, kowanne yana riƙe da nasa ƙarfin wuta. Duk lokacin da agogon na'urar ya buga sai ta matsa taku ɗaya gaba, idan ta kai ƙarshe ta dawo farko.

Don Buchla ya saka irinta cikin na'urorin da ya ƙera a Kalifoniya a shekarun 1960, kuma da na'urar Buchla Morton Subotnick ya yi faifansa "Silver Apples of the Moon" a 1967. Kamfanin Robert Moog ya fito da samfurin 960, mai layi uku, kowane layi da taku takwas. Yawancin na yau jikokin waɗannan ne, musamman tun da Dieter Doepfer na Jamus ya fito da tsarin A-100 a tsakiyar shekarun 1990, wanda ya zama ma'aunin da ake kira Eurorack.

Kowane taku da maɓallinsa

Buƙata ta farko ita ce hannu ya kai ko'ina kai tsaye. Idan makaɗi yana son sauya sauti na biyar, ya miƙa hannu ya murɗa maɓalli na biyar, ba sai ya danna wani abu sau uku ya leƙa ƙaramin allo ba. Wannan ne kaɗai dalilin da zai sa mutum ya bar kwamfuta, wadda ta fi araha kuma ta fi iya aiki da yawa, ya sayi akwati mai wayoyi.

Akwai wani amfani da wanda ya saba da ɗauke wuta zai fi kowa ganewa. Sikwensa ta analog ba ta ajiye waƙa a ƙwaƙwalwa, wurin da maɓallan suka tsaya shi ne waƙar. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, maɓallan suna nan yadda aka bar su.

A bar makaɗi ya zaɓi tsawon jeri

Nan ne aka fi yin sakaci. Taku takwas ko 16 ya dace da kiɗan disko da tekno, inda ake ƙirga huɗu-huɗu. Amma ba duk duniya ke ƙirga haka ba. Sanannen bugun ƙararrawa da ake samu a kiɗan Ewe na Gana da na Yarabawa bugu bakwai ne da aka rarraba cikin gurbi 12. Masanin kwamfuta Godfried Toussaint na Jami'ar McGill ta Kanada ya kawo shi cikin misalansa a 2005, lokacin da ya nuna cewa wata tsohuwar dabarar lissafi ta Euclid tana fitar da bugun gargajiya da dama.

Na'urar da ba ta san komai ba sai takwas ta riga ta yanke wa makaɗi hukuncin irin rawar da za a taka. Don haka dole ne a iya mayar da jeri farko daga kowane taku, ko na uku, ko na biyar, ko na 12. Wannan ba sabon abu ba ne. Samfurin 960 na Moog yana da makunni a kowane taku da ke ba da damar a tsallake shi, ko a tsaya a kansa, ko a wuce yadda aka saba. Korg SQ-10 ta 1978 kuwa taku 12 gare ta a kowane layi. Abin da aka iya tun wancan zamani bai kamata a rasa shi a kayan yau ba.

Abin da ya fi haka shi ne kowane layi ya iya tafiya da nasa tsawon. Idan layin da ke riƙe da sauti yana da taku biyar, na matacin sauti kuma yana da bakwai, ba za su sake haɗuwa a farko ba sai bayan taku 35. Da maɓallai 12 kacal an samu kiɗan da ke ɗaukar lokaci kafin kunne ya gane inda yake maimaita kansa. Uku da huɗu suna haɗuwa a 12, kuma wannan karo na uku da huɗu tsohon abu ne a kiɗan Afirka ta Yamma.

Madaidaicin sauti, amma mai makunni

Saita sauti da maɓallin murɗawa aiki ne mai wahala. Tazarar maɓallin fiyano ɗaya zuwa na kusa da shi kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt, wajen milibolt 83. Idan maɓalli yana juyawa digiri 300 kuma yana ɗauke da bolt biyar, to sautuka 60 ne aka cusa a ciki, kowanne digiri biyar kacal. Hannu ya ɗan karkace, sauti ya kauce.

Magani biyu ne. Na farko makunnin da ke rage faɗin wutar: idan aka mayar da shi bolt ɗaya, kowane sauti ya samu digiri 25. Na biyu madaidaici, sashen da ke jawo wutar zuwa sautin fiyano mafi kusa. Sikwensar kamfanin ARP ta shekarun 1970 ta zo da shi a jikinta.

Amma wajibi ne a iya kashe madaidaicin. Sautuka 12 na fiyano tsari ne da ya kafu a Turai, ba dokar halitta ba. Goge da kukuma ba su da tsani a wuyansu, yatsa ne ke neman sautin, kuma sau da yawa daɗin yana tsakanin maɓallan fiyano biyu. Kiɗan Larabawa ma yana amfani da tazarar da ta gaza ta fiyano. Babbar falalar analog ita ce tana iya tsayawa a ko'ina. Kamfanin da ya kulle madaidaici a kunne ya kwashe wannan falala ya zubar.

Shiru ma kiɗa ne

Jerin da kowane taku ke fitar da sauti mai tsawo iri ɗaya yana gajiyar da kunne cikin minti guda. Ana buƙatar makunni a kowane taku da zai ce a yi sauti ko a yi shiru, da hanyar tsawaita wani taku a gajarta wani. A 960 ana iya sa layi na uku ya riƙa sarrafa tsawon lokacin kowane taku.

Haka nan silalowa daga sauti zuwa sauti ya kamata ya zama na taku-taku, ba na jeri gaba ɗaya ba. Ƙaramar na'urar Roland TB-303 ta yi suna ne a kan wannan silalowa da kuma ƙarfafa wasu bugu. Sai kuma ribanya bugu sau biyu ko uku cikin taku ɗaya, salon da aka fi dangantawa da ƙungiyar Tangerine Dream ta Jamus. A ƙarshe, na'urar ta karɓi bugun agogo daga waje, don ta tafi daidai da injin ganga ko kwamfuta.

Hujjar masu adawa

Akwai masu cewa duk wannan ɓata kuɗi ne, tunda manhaja a waya tana yin fiye da haka, tana kuma ajiye waƙoƙi barkatai. Suna da gaskiya ta wani gefe. Wanda zai hau dandamali ya yi waƙa goma a jere yana buƙatar ƙwaƙwalwa, kuma sikwensa ta analog ba za ta ba shi ba. Kayan ma da tsada, domin kafin sikwensa ta yi amfani sai an sayi akwati da wutarsa da sauran sassan, yawanci da kuɗin waje.

Amma tsadar ce ma ta sa bai kamata a sassauta ba. Matashin da ya tara kuɗi wata da watanni bai kamata ya buɗe kwali ya tarar da na'urar da ba ta iya ƙirga 12 ba. Kafin ya biya, ya tambayi abu uku: ana iya yanke jerin a kowane taku, ana iya kashe madaidaicin sauti, kuma kowane taku yana da nasa maɓallin? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, gara ya riƙe kuɗinsa ya ci gaba da manhajar wayarsa.