Ba Kowane Jiri Ne Iska Ba

A Madarunfa, idan mutum ya ga ɗaki yana juyawa, sai mu ce iska ce. Sau da yawa kunne ne. Can cikinsa akwai ƴan magudanai 3 masu ruwa, su ke taimakon mutum ya tsaya daidai. In sun taɓu, jiri da amai kan biyo.

Mura kuma kan tara mugunya bayan dodon kunne, musamman ga yara. Mu kuwa sai mu ɗura mai, mu cusa gashin kaza. Kurumta muke saya musu.

Mai jiri kada ya hau kwalekwale a tafki, kada ya leƙa rijiya. Mu kai shi likita a duba kunnen, a auna jini, domin ƙarancin jini ma yana kawo jiri.