Bel da puli: ƙaramin kaya mai tsayar da babban inji

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi da Caduwa da Agiye har ya kai Gazawa, da wuya ya wuce wani gari bai ji ƙarar injin niƙa ba. Da kaka kuma sai injin ɓarar gyaɗa da na sussukar hatsi su ƙaru bisa gare shi, a wannan yanki da ya yi suna wajen noman gero da gyaɗa da aya. Da yawa daga cikin injunan nan na ƴan kasuwa ne, wasu kuwa na ma'aikatan gwamnati ne da suka tara abin da suka tara don su samu madogara bayan ritaya. Mai inji yakan san farashin gazuwal na kowace rana, ya san albashin yaron da ke tsaron inji, amma in aka tambaye shi lambar bel ɗin da ke juya injin nasa sai ya ce a tambayi makaniki. Alhali kuwa ranar da wannan bel ya tsinke, mata za su kwashe ƙoransu su tafi gidan niƙa na gaba, kuma ba dukansu ke dawowa ba.

Bel, wanda ake ce ma courroie da faransanci, iri biyu ne ya shafi masu sana'a a nan. Na farko shi ne mai gefe a karkace, wanda ke shiga cikin kwarin puli kamar tsinin gatari cikin icce. Wani Ba'amurke mai suna John Gates ya ƙirƙiro shi a birnin Denver a 1917, kuma shi ne ke bisa injin niƙa da injin ban ruwa da janareto. Na biyu shi ne mai haƙora, wanda aka fara yi a Amurka cikin shekarun 1940 domin kekunan ɗinki na kamfanin Singer, daga baya ya shiga cikin injin mota. A yau shi ne ke tafiyar da injunan da kwamfuta ke sarrafawa: injin aikin wuyan riga da hula da ake gani a shagunan telolin Kano da Maraɗi, da injin sassaƙa ƙyauren katako, da na yanka allon talla. Na farko da gogayya yake riƙe puli, saboda haka yana iya zamewa kaɗan ba tare da an yi hasara ba. Na biyu ƙirga yake yi, haƙori cikin haƙori, kuma in ya tsallake guda ɗaya tak, zanen ya lalace.

A fara da na injin niƙa. Harafin da ke rubuce a bayan bel shi ke faɗin faɗinsa: A milimita 13 ne, B milimita 17, C kuwa 22. Lambar da ke biye da harafin tsawon bel ce ta ciki, da inci. Ke nan B-60 na nufin bel mai faɗin milimita 17 da tsawon inci 60, wato milimita 1524, tun da inci guda milimita 25,4 ne. Kayan da suka fito daga Turai sukan zo da lissafin milimita kai tsaye, shi ya sa ɗan kasuwar da ke saye a Kano yana sayarwa a Agiye ya kamata ya iya juya wannan lissafi zuwa wancan. Akwai kuma wani dangi mai suna SPA da SPB, masu kama da A da B a ido amma sun fi su zurfi, kuma kwarin pulinsu dabam yake.

Bel ɗin kirki da gefensa biyu yake kama puli, cikinsa ba ya taɓa gindin kwari. In mai inji ya leƙa ya ga gindin kwarin yana ƙyalli kamar an goge shi, to pulin ya cinye, kuma ko sabon bel nawa aka sa mashi zamewa zai riƙa yi, yana zafi, yana ƙauri. Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba: ana sayen bel bayan bel, ana zagin mai shago, alhali laifin na puli ne.

Girman puli kuwa shi ke yanke saurin inji, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan makarantar firamare ba. A ninka juyin moter a minti guda da faɗin pulinsa, sa'an nan a raba da faɗin pulin injin niƙa. Misali, moter na lantarki mai juyi 1450 a minti, da puli mai faɗin milimita 140, in ya ja puli mai milimita 400, injin niƙa zai yi juyi kamar 507 a minti. To a ce an ɗauke wuta, mai inji ya kawo moter na gazuwal ɗan ƙasar Sin mai juyi 2200, ya bar pulayen yadda suke. Injin niƙa zai koma juyi 770. Gari zai fito da zafi, farantan niƙa su cinye da wuri, boris ya yi ta mutuwa. Don a dawo kusa da 500, sai an sa ma injin niƙa puli mai milimita 600 da ɗoriya. Rage pulin moter ba mafita ba ce, domin bel na B ba ya son puli da ya gaza milimita 125. In an tilasta mashi lanƙwasa fiye da haka, zaren cikinsa karyewa yake yi.

Wannan misali ba daga nesa aka ɗauko shi ba. Wutar Maraɗi da Damagaram tun 1994 take shigowa daga Katsina ta layin da ke sauka a Gazawa. Da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, duk mai injin da ya koma ga gazuwal ya gamu da wannan lissafi, ko ya san da shi ko bai sani ba.

Sauran ƙa'idodin ɗaura bel kaɗan ne. A sassauta ƙusoshin moter a matso da shi, kada a banƙara bel da ƙarfe a tura shi cikin kwari, domin a nan take ake karya zaren da ba a gani. Pulaye biyu su miƙe bisa layi guda. Zare ko miƙaƙƙen ƙarfe ya isa a gwada. In an danna tsakiyar bel da yatsa, ya lotsa kamar milimita 16 ga kowace mita ta tazarar da ke tsakanin pulayen. Bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki a sake ɗaure shi, saboda sabon bel yakan zauna cikin kwari ya saki. In puli mai kwari biyu ko uku ne, a canza bel ɗin duka a rana guda, kuma daga kamfani guda, in ba haka ba sabon shi kaɗai zai ɗauki kayan har ya mutu. Mai da giris abokan gabar roba ne. Kuma a rufe bel da raga ko kwano: babbar riga da gyale da hannun yaro ba su da wata daraja a wajen bel mai gudu.

Bel mai haƙora ya fi wannan tsanani, domin abin da ake saye a wajensa shi ne tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Ƙananan injuna sukan yi aiki da GT2, mai tazarar milimita 2. Waɗanda suka fi su nauyi suna aiki da HTD, mai 3M ko 5M ko 8M, wato milimita 3 ko 5 ko 8. Rubutu irin 450-5M-15 na nufin tsawo milimita 450, tazara 5, faɗi 15, ke nan haƙora 90. Tarkon da ke kama mai saye shi ne akwai bel uku da ido ba ya rarrabewa a cikin shago: 5M mai haƙori kewayayye, T5 mai haƙori da kusurwa, da XL na lissafin inci mai tazarar milimita 5,08. Bambancin 0,08 kamar ba kome ba ne, amma bisa haƙora 100 ya zama milimita 8. Haka MXL mai 2,032 yake sajewa da GT2. Irin wannan bel zai hau puli, zai ma juya, sai dai haƙoransa na hawa bisa na puli suna cinyewa, kuma da'irar da kwamfuta ta zana sai ta fito kamar ƙwai.

Yawan haƙoran puli ma lissafi ne da kwamfutar injin ta riga ta haddace. Puli mai haƙora 20 bisa GT2 yana tafiyar da kan inji milimita 40 a juyi guda, kuma tun da yawancin ƙananan motocin da ke ja shi taki 200 suke yi a juyi, kowane taki milimita 0,2 ne. In aka sa mai haƙora 16 a madadinsa ba a gaya ma kwamfuta ba, zanen santimita 40 zai fito 32, bisa shaddar mutane ko katakon da aka riga aka biya. Sai a duba ramin puli: milimita 5, ko 6,35, ko 8, gwargwadon sandar moter, kuma ƙaramar ƙusar da ke riƙe shi ta zauna bisa gefen sandar da aka fere. Aƙalla haƙora 6 su kasance cikin puli a kowane lokaci. Zaren da ke cikin irin wannan bel na gilashi ne ko na ƙarfe, saboda haka wanda ya naɗe shi ya karya shi biyu don ya shiga aljihu ya kashe shi tun bai kai gida ba. Mai mota kuma ya tuna irin wannan bel ne ke daidaita bawul da fistan a injuna da yawa; in ya tsinke ana cikin gudu, a wasu motocin injin ne gaba ɗaya ke tafiya, shi ya sa ake canza shi bisa kilomitar da kamfani ya rubuta, ba a jira ya nuna alama.

Sai maganar inda ake samu. Bel na A da B ba ya wuya a shagunan kayan gyara na Maraɗi. Mai haƙora kuwa sau da yawa sai an aika Kano, kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ko kuma a ba da saƙo ga masu zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin. Wannan hanya ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga tsakiyar 2023 zuwa Maris 2024. Tsofaffin ƴan kasuwa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake sayowa daga Turai suka ninka kuɗi a dare guda. Darasin guda ne: mai inji ya ajiye bel na biyu tun na farko na aiki, a inuwa, a rataye bisa abu mai faɗi, nesa da kwanon rufi, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsufar da roba ko ba ta yi aiki ba.

Mai aika saƙo kada ya ce "irin na injin wane". Ya rubuta lambar, ya ɗauki hoton rubutun da wayar salula, in rubutun ya goge ya ƙirga haƙora, ya auna tsawon goma daga cikinsu ya raba da goma, in da hali ya haɗa da tsohon bel ɗin. Sunaye irin Gates da Optibelt da Bando da Mitsuboshi sanannu ne, don haka ne ma masu jabu ke buga su bisa kayansu. Rubutun da ke gogewa da yatsa, da gefen da bai yanku sumul ba, da robar da ke tsattsagewa in an lanƙwasa ta baya, duk alamu ne da ya kamata su sa a mayar da kuɗi aljihu. Hausawa sun ce araha ba ta ado: a lissafa kuɗin niƙan kwana uku da inji zai yi a tsaye, a gwada shi da ƴan dalolin da aka rage.

Ga ɗan kasuwar Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji da ke neman abin da zai ƙara a shagonsa, ga ƙofa a buɗe. Ya zagaya gidajen niƙa da shagunan telolin garinsa da littafi a hannu, ya rubuta lambar kowane bel da faɗin kowane puli, ya ajiye waɗanda suka fi yawa. Ranar da bel ya tsinke ana tsakiyar niƙan biki, wajensa za a zo, kuma ba za a tsaya ciniki ba. Ma'aikacin da ya bar inji a ƙauye yana aiki a birni shi ma ya rubuta lambobin nan a takarda guda, ya bar kwafi wajen yaron inji, ya riƙe guda cikin jakarsa.