Masu cewa "tsohon abu ya fi ƙarko", ku zo mu yi maganar jirgin sama

Yau ba saitin waya na kawo muku ba, wata gardama ce ta biyo ni har gida. Wani kwastoma ya tarar da ni a shago ina kallon bidiyon yadda ake cire tsofaffin agogunan gaban wani ƙaramin jirgi Cessna 172, irin wanda aka fara ƙerawa tun 1956, ana maye gurbinsu da sikirin. Sai ya ce wai an ɓata jirgin, ai ƙarfe ya fi gilashi amana. Kullum wannan maganar nake ji a kan wayoyi, ina yin shiru. A kan jirgi kam ba zan yi shiru ba.

Ku fara sanin abin da ake cirewa. A irin waɗannan jirage akwai agogo biyu masu muhimmanci: ɗaya yana nuna wa matuƙi ko jirgin ya karkata ko ya duƙar da hanci, ɗayan yana nuna inda ya dosa. A cikin kowanne akwai wani ƙarfe da ke juyawa da gudu kamar katantanwar da muka murza muna yara. Muddin yana juyi, tsaye yake ƙyam, da shi ake auna karkatar jirgin. Abin da ke juya shi kuwa iska ce, wadda wani ɗan famfo da ke manne a jikin inji yake zuƙowa. To famfon nan, fukafukan cikinsa na kabon ne, dangin bakin fensir, kullum suna gogar bango suna cinyewa. Ranar da za su karye ba sa sallama.

Inda abin ya fi muni shi ne bayan famfon ya mutu. Wayarka idan ta ɗauke, sikirin ya yi baƙi, ka san ta mutu. Shi wannan agogon ba ya mutuwa nan take. Ƙarfen yana rage gudu a hankali, hoton yana kwantawa sannu-sannu, matuƙi yana binsa yana karkatar da jirgin da hannunsa, a zatonsa gyara yake yi. Idan sarari a buɗe yake, zai leƙa taga ya gane. Amma cikin gajimare, ko hazo mai kauri irin namu na hunturu, ba sama ba ƙasa, jikin mutum ma ƙarya yake masa. Akwai ɗan agogon da ke nuna ƙarfin zuƙar iskar, gaskiya ne, sai dai ƙarami ne, sau da yawa a can gefe yake, mai fama da jirgi ba lallai idonsa ya kai wurin ba.

A watan Mayu na 2016, wani jirgi Beechcraft Bonanza ya tarwatse a sama a jihar New York ta Amurka, mutum uku suka rasu. Famfon ne ya mutu suna saman gajimare, da suka shiga ciki jirgin ya ƙwace wa matuƙin. Kamfanin da ya yi famfon ya ce a canza shi bayan awa 500 na aiki ko shekara 6, na wannan jirgin kuwa ya wuce shekarun nan nesa ba kusa ba. Wannan ne ƙarkon?

Abin da ake sa wa yanzu, kamar Garmin G5 da hukumar jiragen Amurka ta amince da shi a 2016, ba abin da ke juyi a cikinsa. 'Yan ƙananan sensa ne, dangin wanda ke cikin wayarka, wanda ke gane ka karkatar da ita in kana buga wasan tseren mota. Tun iPhone 4 a 2010 irinsa ya shigo aljihunmu. Yana da batirinsa na kansa da zai riƙe shi har kusan awa huɗu idan wutar jirgin ta ɗauke. In kuma ya rikice, jan kuros yake bugawa a fuskarsa, ya ce kar ka yarda da ni. Ni a aikina, na fi son kayan da zai ce min ya lalace a kan wanda zai yi ta murmushi yana yaudarata.

Ban ce sikirin ba ya lalacewa ba fa. Ni da nake cin abinci da fasassun sikirin ai ba zan faɗi haka ba. Yana da tsada, batirin yana tsufa, dole a riƙa duba shi, kuma mai hankali ba ya jingina komai da waya ɗaya ta lantarki. Shi ya sa wasu ke sa guda biyu kafin su cire famfon gaba ɗaya.

Ku kuma 'yan "ai wayata ma za ta iya", ku dakata. Ɗan uwan sensa ne, ba shi ba ne. Na jirgi an ɗaure shi daram, an saita shi, an gwada shi da zafi da jijjiga, injiniya mai lasisi ya sa hannu. Taku kuwa jiya aka kawo min irinta, an bar ta a gaban mota cikin rana, ta rubuta ta yi zafi ta kashe kanta.