Majalisa Ba Zaman Kashe Wando Ba Ce

A 'yan shekarun nan, da wuya a gama taron yaye ɗalibai ko na wayar da kan matasa a Kazaure ba a caccaki majalisar hira ba. Wai zaman kashe wando ne, wai mai son ya ci gaba sai ya rage jama'a, ya rage zuwa suna da ta'aziyya, ya kama gabansa. An yi ta faɗa har matasanmu sun fara jin kunyar a gan su a kan dakali bayan la'asar. Ni wannan magana tana ƙona mini rai, domin yawancin masu yin ta suna da albashi da fansho, kuma suna zuga mutumin da ba shi da ko ɗaya ya watsar da abin da ke riƙe da shi.

A tambayi saurayin da ya baro Gwiwa ko Roni bayan an gama roron wake, ya nufi Legas ko Abuja cirani: wa ya ba shi kuɗin mota? Wa ya faɗa masa unguwar da zai sauka da wanda zai nema? Babu takardar neman aiki a wannan tafiya. Wani ne a majalisa ya ce, "Ka je wajen Alhaji, ka ce ni na aiko ka." Da wannan kalma yake samun wurin kwana, da babur ɗin haya, da wanda zai tsaya masa ran da aka kama shi. Haka aka saba tun kaka da kakanni. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya a kan maigida mai masauki da amana, ana ba da dukiya bashi bisa sanayya. A Amurka ma, Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa mutane da yawa ta hanyar wanda suka yi wa sanin shanu suke jin labarin aiki. Ashe ɗan majalisa yana kan hanya tun kafin a rubuta ta.

Mu tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutum na da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen kwanon gero. Wa ya ci abinci a makonnin nan? Wanda mai shago ya san fuskarsa, ya san ubansa, ya rubuta masa a littafi. Wanda ya rufe ƙofarsa shekara da shekaru ya sha wuya fiye da kowa. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga wani ƙauyen Ɓaɓura ya san cewa motar maƙwabci ake bugawa, kuma 'yan majalisa ke jera hannu idan an ce ana neman jini.

Mata kuwa sun riga mu gane wannan. Gudunmawar biki da ake yi wa kallon ɓarna ajiya ce: abin da kika kai wa ƙawa yau zai dawo miki ranar auren 'yarki. Adashi ya sayi akuya, ya sayi keken ɗinki, ya biya kuɗin makaranta a gidajen da banki bai san da zamansu ba.

Ban ce majalisa ba ta da aibu ba. Akwai gulma, akwai inda 'yan siyasa suka mayar da ita wurin rabon 'yan kuɗi, akwai inda ƙwaya ta shiga. Amma yaron da ya fara shaye-shaye, a majalisar da ke da dattijo ake fara ganin idonsa ya sauya. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da waya, sai abu ya yi nisa ake sani.

Ƙasashen da ake ce mana mu yi koyi da su yanzu neman abin nan suke ido rufe. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin jama'a ga lafiya da shan taba har kara 15 a rana.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Kazaure, gari zai buɗe, filaye za su yi tsada. Roƙona ga masu yanka filaye da masu faɗaɗa tituna shi ne su bar mana inuwar dalbejiya da gurbin dakali a kowace sabuwar unguwa. Na ga unguwannin da aka gina a Kano, katanga ta fi mutum biyu tsawo, inda magidanci zai kwanta ciwo kwana uku maƙwabcinsa bai ji ba. A majalisarmu, idan aka yi sallar magariba da lisha ba a ga mutum ba, yaro ake turawa gidansa ya dubo.