Huhun mashayin taba da haƙƙin mai jiran dashe

Duk wanda ya ji cewa likitoci a Birtaniya na dasa wa marasa lafiya huhun mamacin da ya sha taba sigari a rayuwarsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ganganci. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zargi ba. A 2012 mujallar Lancet ta wallafa binciken da Farfesa Robert Bonser na Birmingham ya jagoranta, wanda ya bi diddigin dashen huhu 1,295 da aka yi a ƙasar tsakanin 1999 da 2010. Kashi 39 cikin ɗari na huhunan daga jikin masu shan taba aka ciro su. Binciken bai ɓoye illar ba: waɗanda aka dasa wa irin wannan huhu sun fi sauran mutuwa cikin shekara uku na farko. Sai dai a cikin mutum 2,181 da aka rubuta a jerin masu jira, fiye da ɗaya cikin uku sun rasu ko an cire su ba tare da sun samu huhu ba, kuma wanda ya karɓi huhun mashayi ya fi wanda ya ci gaba da jira damar rayuwa.

Mai jiran dashe mutum ne da robar iska ke maƙale a hancinsa dare da rana, wanda zuwa banɗaki kaɗai kan sa shi haki kamar ya yi tsere. Huhu kuwa bai da juriya. Yawancin waɗanda ake bayarwa sun riga sun lalace saboda ƙwayoyin cuta ko daɗewar mamaci a kan injin numfashi. In aka ƙara zubar da na masu shan taba, wa za a ceta? A nan, da babu gara ba daɗi.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi, wato sankara. Ana ɗaukar hoton ƙirjin mamaci, a leƙa hanyoyin iska da na'ura, likita ya tattaɓa huhun da hannunsa, amma ƙaramin ƙari na iya ɓuya, kuma magungunan da ke danne garkuwar jiki bayan dashe suna ba shi damar yaɗuwa. A 2012 wata matashiya 'yar shekara 27 ta rasu a Ingila da sankarar huhu bayan an dasa mata huhun mashayi, ba a kuma sanar da ita tarihin mamacin ba. Asibitin ya nemi gafara. Laifin da nake gani a nan shi ne ɓoyewar, domin rai nata ne, zaɓin ma nata ne.

Saboda haka a ci gaba da amfani da wannan huhu, amma a zauna da majinyaci da iyalinsa tun ranar da za a sa sunansa a jeri, a faɗa masa haɗarin karɓa da haɗarin jira. Bai dace a bari sai tsakar dare, an kira shi a waya ana gaggawa, sannan a nemi ya yanke shawara ba.