Ɗalibin Warra Ba Sai Ya Je Abuja Ba Kafin Ya San Makamar Aiki

Idan wayarka ta faɗa ruwa yau a bakin tafkin Kainji, wa za ka kai wa? Galibi wani matashi ne a rumfar kasuwar Warra ko Yelwa, wanda ya koyi aikin a gaban maigidansa. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a darasin gyaran waya kuwa, ta yiwu bai taɓa kwance waya ko guda ba.

A 2011 manhajar babbar sakandare ta shigo da darussan sana'a 34, ciki har da gyaran waya da kiwon kifi. Manufar mai kyau ce, amma a makarantu da yawa darasin bai wuce allo da alli ba, saboda babu kayan aiki. Shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973, na ɗaliban manyan makarantu ne. Su ma da yawa sai su ɗauki takarda su nufi Birnin Kebbi ko Abuja, su kashe kuɗin mota da na haya, su ƙare da zaman benci a ofis.

A ganina, makarantun sakandaren Ngaski, Yauri da Shanga su kafa nasu shirin, kuma a gida. Aikin yana nan. An kammala madatsar Kainji tun 1968, amma har gobe ƙauyuka da dama na bakin tafkin da sola da janareta suke cajin waya, don haka mai haɗa sola ba ya rasa ciniki. Ga masu POS, ga masu gyaran injin ban ruwa na manoman shinkafa da albasa. Ga kuma kanikawan injin jirgin ruwa da masu ƙera jiragen. Wanda ya tuna hatsarin watan Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ya nutse da ɗimbin fasinjoji, ya san lafiyar jirgi magana ce ta rai. Mai sha'awar kifi kuma, ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa, NIFFR, a New Bussa.

Tsarin ba ya buƙatar kasafin miliyoyi. Shugaban makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai da shugabannin masu sana'a su zauna su zaɓi amintattun shaguna. A tura 'yan aji biyu na babbar sakandare mako shida a dogon hutu. Kowa ya tafi da rubutaccen jerin abin da zai koya, misali canza sikirin, auna batir, gano inda caji ya tsaya. Waya ita ce littafin rahoto: ɗalibi ya ɗauki hoton aikinsa ya tura wa malami a zauren WhatsApp, wanda ba shi da waya ya yi amfani da ta maigida. A ƙarshe a ba shi takardar shaida mai sa hannun makaranta da na maigidan.

Wani zai ce ai ɗan aike za a mayar da yaro, sayo abinci da sharar shago. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa dole malami ya riƙa leƙawa duk mako, shagon da ya saɓa a cire shi. Kada a tura ɗalibi kan ruwa ba rigar kariya. 'Yan mata kuma a sama musu wuri kusa da gida, da yardar iyaye. Mata da yawa za su fi sakewa su miƙa wayarsu, da hotunansu a ciki, ga mace 'yar uwarsu.

Idan kai ɗalibi ne, kai wa shugaban makarantarku wannan magana kafin hutu ya zo. Idan kuma kana da shago, ka tuna wani ne ya ba ka benci ranar da ka fara. Ɗauki ɗalibi ɗaya bana.