Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Warkewa Ba

Sau da yawa ɗan'uwanmu mazaunin Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, da zarar likita ya sallame shi sai ya ɗauka ciwo ya ƙare. Kashegari ya koma dako saboda iyalin da ke jiran aikensa. Kafin mako biyu ɗinki ya ɓalle, a sake kwasarsa zuwa asibiti, ɗan abin da ya tara ya salwanta.

Ya kamata jama'a su gane cewa sauran jinyar a gida take. Kafin majinyaci ya bar gado, wajibi ne ya san sunan ciwonsa, da ƙa'idar shan magani, da ranar komawa. Idan bai jin harshen likita, a nemo tafinta, domin kunya ba ta magani.

Wanda aka yi wa aikin gwaiwa ya guji kaya mai nauyi har mako 4 zuwa 6. Mai tarin fuka kuwa wata 6 cur zai sha magani, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. In ya yanke don ya ji sauƙi, ciwon kan dawo ya ƙi jin magani. Zazzaɓi, ko mugunya a miki, ko sarƙewar numfashi, duk alamu ne na a koma asibiti nan take. Mai tafiya Arewa jinya kuma kada ya baro takardar sallamarsa.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da masu masauki su riƙa leƙa irin waɗannan bayin Allah, su tallafa musu da abinci har su murmure. Baƙo ba shi da dangi sai ku.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.